Fitowa a Muguwa: Nazari a kan Sana'ar Zalika Sule da Daraktocinta

Gabatarwa

Baƙon Bahaushe da ya sauka Yamai, in ya ji an ambaci unguwar Koira Kano, yakan zaci tana da wata alaƙa da birnin Dabo. Sunan na Zabarmanci ne, ma'anarsa gari mai daɗi, kuma ya dace da wurin: manyan gidaje masu dogayen katangu, motoci a bakin ƙofa, masu gadi a kan benci. Wanda ya san tarihin sinimar Nijar, in ya ratsa unguwar, da wuya bai tuna da fim ɗin da Mustafa Alasan ya fitar a 1972 ba, mai suna FVVA. Haruffan farko ne na kalmomin Faransanci huɗu, wato mace, gidan ƙasaita, mota da kuɗi, abubuwan da ƙaramin ma'aikaci yake mafarki har su kai shi ga halaka.

Cikin ƴan wasan wannan fim akwai marigayiya Zalika Sule, wadda ake lissafawa a sahun farko na matan da suka riƙi wasan sinima sana'a a Afirka kudu da Sahara. Da Rahamatu Keita ta ɗauki tarihinta a fim ɗin Al'lèèssi, wanda ya fito a 2004, ta same ta a cikin wannan birni na Yamai tana zaune da ƴaƴa huɗu a ɗaki biyu, babu famfo babu lantarki. Talaucin ƴan wasa tsohon labari ne a ko'ina, amma na Zalika yana tafe da wani ciwo na dabam: mutanen garinta sun ɗauke ta ita ce miyagun matan da take kwaikwaya. Wannan maƙala za ta dubi fitowa a mugu ta fuskar wanda yake yin ta, ta auna abin da take buƙata na gwaninta, da abin da ke tsakanin ƴar wasa da darakta, da kuma wanda yake biyan kuɗin sabulu in an tashi daga kallo.

Ƴar wasa da zamaninta

An haifi Zalika Sule a Yamai a 1947, ta rasu a can a watan Yuli na 2021. Tana da shekara 19 ta fara fitowa, a fim ɗin Mustafa Alasan na 1966, Le Retour d'un aventurier, wato komowar ɗan yawon duniya. Labarin wani saurayi ne da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, kowa ya ɗauki sabon suna, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu da faɗa da ƙwace. Zalika ce ta fito a Sarauniya Kiristin, mace ɗaya a cikin gungun. Abin lura shi ne jigon fim ɗin nata na farko shi ne haɗarin da ke cikin kasa rabe wasa da gaskiya: samari sun sa tufafin sinima sun manta cewa tufafi ne. Ba a daɗe ba masu kallo suka yi mata irin wannan kuskure ta ɗaya gefen.

Mafi yawan aikin da aka san ta da shi ta yi shi ne tare da Umaru Ganda. Ta fito a Cabascabo a 1968, a matsayin Hawa, ɗaya daga cikin waɗanda suka kewaye wani tsohon sojan Faransa da ya komo daga yaƙin Indoshin, har kuɗinsa suka ƙare aka watse aka bar shi. Ta fito a Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita. Ta fito a Saïtane, wato Shaiɗan, labarin wani malamin tsibbu da yake shiga tsakanin matar aure da attajirin da ke nemanta, sannan a L'Exilé na 1980. Bayan rasuwar Ganda ta yi aiki da Mahaman Bakabe a Si les cavaliers na 1982, da Jingarai Maiga a Aube noire na 1983. A tsawon waɗannan shekaru an fi ba ta matsayin karuwa, ko maciyar amanar aure, ko kishiya mai baƙin ciki.

Nauyin da muguwa take ɗauke da shi

Le Wazzou polygame ne ya fi dacewa a tsaya a kansa. Kalmar wazzou ita ce wa'azi a bakin Bazabarme, kuma Ganda ya zaɓe ta ne da ba'a. Wani mai hali ya dawo daga Makka da sunan alhaji, yana da mata biyu, ya ƙyalla ido a kan Satu, yarinyar da aka yi wa wani saurayi mai suna Garba alkawari. Dukiya ta rinjayi alkawari, Garba ya bar gari. Matar alhaji ta biyu, Gaika, ta ƙudura kashe amarya a daren biki, sai ta yi kuskure ta kashe ɗaya daga cikin ƙawayenta. Satu ta gudu birni, rayuwarta ta lalace.

Wanda fim ɗin yake tuhuma a fili yake: alhajin da ya mai da ibada riga, da iyayen da suka sayar da alkawari. Sai dai laifin alhaji irin wanda al'umma ta saba gani ne, ana yin sa da rana tsaka, da goro da shaidu. Bai isa ya girgiza mai kallo ba. Ganda yana buƙatar wani aiki da zai nuna ƙarshen wannan zalunci na yau da kullum, sai ya ɗora kisan a hannun kishiya, ya ba Zalika wannan matsayi. Duk hujjar fim ɗin a wuyanta take rataye. In ta fito a mahaukaciya kawai, mai kallo zai ce halinta ne, alhaji ya kuɓuta. In kuwa ta fito a macen da aka wulaƙanta har zuciya ta ɗebe ta, to kisan ya zama ɗan da auren alhaji ya haifa.

A nan ne ƙarfin fim ɗin yake, a nan kuma rauninsa yake. Mai nazari yana bin sarƙar dalili daga kisa zuwa alhaji. Mai kallo na gidan sinima, wanda ya biya kuɗinsa ya zauna a fili da dare, abin da yake tafiya gida da shi shi ne fuskar wadda ta yi kisa. Ganda ya auna alhazan birni da malaman tsibbu, kuma ya yi ƙarfin hali wajen yin haka a wancan zamani, amma sau da yawa jikin mace ne yake zama allon da yake rubuta tuhumar a kai. Ana iya yaba wa manufarsa a kuma yarda cewa tsarin labarinsa ya bar ƴar wasa a bakin wuta.

Sana'ar daga ciki

Mai fitowa a mutumin kirki yana da sauƙi ɗaya: mai kallo yana son sa tun bai buɗe baki ba. Mai fitowa a mugu dole ya yi aiki biyu a lokaci guda. Na farko ya nemo wa mugun dalilinsa, domin babu mai aikata sharri yana kiran kansa azzalumi. Kishiya mai shirin kisa tana ganin kanta wadda aka zalunta ce. Na biyu ya riƙe hankalinsa a waje, yana lura da inda kamara take, da inda haske ya faɗi, da lokacin da ya kamata ya ɗaga ido.

Malaman da suka karanta adabin Faransa sun san muhawarar. Didero, a littafinsa kan ɗan wasa wanda aka buga a 1830 bayan mutuwarsa, yana ganin gwanin ɗan wasa shi ne mai sanyin kai, wanda yake nazarin fushi ya gina shi ba tare da fushin ya ci shi ba. Stanislabski na Rasha, wanda ya rasu a 1938, ya koyar da ɗalibansa su tambayi kansu abin da za su yi da su ne a halin da mutumin labari yake ciki, su kuma tono abin da suka taɓa ji a rayuwarsu. Hanyoyin biyu sun saɓa, amma sun haɗu a kan abu ɗaya: muguntar da ake gani a dandali gini ce, akwai magini a bayanta.

Zalika ba ta shiga makarantar wasa ba kafin ta fara, kamar sauran ƴan wasan Nijar na lokacin. Makarantarta ita ce tsakar gida da bakin kasuwa, inda ta ga yadda ake harara, da yadda ake habaici, da yadda mace take ɗaure zane in ta yi niyyar faɗa.  Wannan yana da muhimmanci ga mai nazari, domin yana nuna cewa matan da ta fito a matsayinsu ba darakta kaɗai ya ƙirƙire su ba. Namiji ya rubuta kishiya daga waje, mace ta cika ta daga ciki da abin da ta sani. Ƙiyayyar da masu kallo suka yi mata shaida ce cewa cikon ya zauna daidai.

Tsakaninta da daraktoci

Umaru Ganda ya fi kowa sanin halin ɗan wasa a hannun darakta, domin ta nan ya shigo. An haife shi a Yamai a 1935, ya yi aikin soja a Indoshin, ya koma ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan. A can Jan Rush ya same shi ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958, inda ya fito da laƙabin wani tauraron Amurka, Edward G. Robinson, ya kuma ɗora muryarsa a kan hotunan yana ba da labarin kansa. Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa, sunan Rush ya ɗaukaka. Daga baya Ganda ya nuna bai gamsu da yadda aka ba da labarin rayuwarsa ba, kuma Cabascabo amsa ce: ya karɓe labarin yaƙinsa ya faɗe shi da bakinsa.

Ganda ya sami mafita domin ya iya komawa bayan kamara. Jingarai Maiga ma haka: ya fara da wasa a fina-finan Mustafa Alasan, ya zama darakta, ya fitar da L'Étoile noire a 1976. Ƴar wasa ba ta sami wannan ƙofa a buɗe ba. Ta kawo fuskarta da muryarta da mutuncinta a gari, darakta ya kawo labari da kamara, amma in an gama, fim na darakta ne. Shi ake gayyata da sunan mai aikin, shi ake miƙa wa kyauta. Tsarin da sinimar ƙasashen rainon Faransa ta gada ke nan, inda ake ɗaukar darakta tamkar marubucin littafi, ƴan wasa kuma tamkar tawadarsa.

Ana ganin alamar wannan rabo a taswirar Yamai. Babbar cibiyar al'adu ta birnin tana ɗauke da sunan Umaru Ganda, wanda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, kuma FESPACO tana ba da kyauta da sunansa ga fim na farko na sabon darakta. A 2024 hukumomin Nijar suka sauya wa tsohuwar cibiyar al'adun Faransa da Nijar suna, daga Jan Rush zuwa Mustafa Alasan, wanda ya rasu a 2015. Duka biyun sun cancanta. Amma wanda ya tsaya a ƙofar waɗannan cibiyoyi ya kamata ya tuna cewa fina-finan da suka jawo wannan girma sun tsaya ne da ƙafafun mutanen da suka yarda a ƙi su.

Dalilin ruɗewar masu kallo

Kuskure ne a ce mutanen Nijar na shekarun 1960 ba su san kwaikwayo ba. A ƙasar Hausa yara suna tashe a watan azumi, yaro ya liƙa gemun auduga ya fito a tsoho, yarinya ta sa babbar riga ta fito a maigida. A Damagaram ana wasan kara, inda talakawa suke kwaikwayon masu mulki da muƙarrabansu. A fadoji an san wasan gauta. Tsohuwa mai tatsuniya takan yi muryar Dodo da ta muguwar kishiya a dare ɗaya, jikokinta kuma su kwana a jikinta.

Abin da ya haɗa waɗannan wasanni shi ne kowanne yana da ƙofar shiga da ƙofar fita, kuma a gaban jama'a ake bin su. Ana ganin yaro yana liƙa gemu, ana ganin sa yana cirewa. Mai tatsuniya tana rufewa da ƙurunƙus, kowa ya san an komo duniya. Sinima ta zo ba ta da wannan ƙofa. Fuskar ƴar wasa ce tsirara, an faɗaɗa ta ta cika bango, babu gemun auduga. In fim ya ƙare ba ta nan balle ta tuɓe matsayin a gaban mutane, gobe kuma a sake nuna ta tana aikata abin da ta aikata jiya. Ƙari a kan haka, su Ganda sun ɗauki fina-finansu a unguwanni da ƙauyukan da aka sani, da harshen gida, da mutanen da ake gamuwa da su a kasuwa, bisa tafarkin da ya kusanci fim ɗin gaskiya irin na Rush. Kaboyin Amurka baƙo ne, ba mai neman sa a titi. Gaika kuwa ga ta nan tana sayen cefane.

Sai kuma kasancewarta mace. Namijin da ya gwanance a mugunta yakan ci riba da ita. A Indiya, wadda fina-finanta suka daɗe da zama ƴan gida a ƙasar Hausa, Amjad Khan ya zama tauraro da matsayin ɗan fashi Gabbar Singh a Sholay na 1975. Muguntar namiji a fim ƙarfi ce da jarumta, ta mace kuwa kusan kullum ana ɗaura ta a kan mutuncinta na aure, abin da al'umma ba ta ɗaukar sa wasa.

Al'lèèssi a ma'auni

Sunan fim ɗin Rahamatu Keita yana nufin ƙaddara a harshen Sonrai, kuma an nuna shi a bikin birnin Kan na Faransa a 2005. Keita ta jera rayuwar Zalika ta yau da kullum kusa da gutattsarin tsofaffin fina-finanta, ta haɗa da hira da daraktocin da suka rage. Babbar nasararsa ita ce ya ba ƴar wasa abin da sinima ta hana ta shekara talatin, wato damar tsayawa a gaban masu kallo da sunanta, ta ce ga ni, ga kuma waɗanda na kwaikwaya. A cikinsa ta bayyana yadda aka ƙaurace mata a gida alhali sunanta yana tashi a waje. Ta wannan fuska fim ɗin shi ne ƙurunƙus ɗin da aka daɗe ana bin ta bashi.

Inda za a yi masa gyara shi ne tausayi yana iya rufe gwaninta. Mai kallo yakan tashi yana jimamin ɗaki biyu da rashin ruwa, da rushewar sinimar ƙasar da ta taɓa zama a sahun gaba a Afirka, fiye da yadda yake tashi da sanin yadda wannan mata take gina fushi ko yaudara a gaban kamara. Keita ta yi nata, ta ceto mutum daga mantuwa. Nazarin wasan Zalika fage bayan fage, yadda ake nazarin baitocin mawaƙi, aiki ne da ya rage wa malamai da ɗalibansu.

Daga Yamai zuwa Kano

Fina-finan Hausa na Kano, waɗanda suka cika gidajen Yamai da Maraɗi da Damagaram tun daga shekarun kaset, sun gaji wannan matsala da sabon salo. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ta shafe fiye da shekara 20 tana fitowa a masifaffiyar uwar miji da muguwar kishiyar uwa, har rasuwarta a Kano a watan Afrilu na 2024. Ta sami abin da Zalika ba ta samu ba: hira a rediyo da talabijin, da shafukan sada zumunta inda masu kallo suke ganin ta tana raha da sunanta na gaskiya. Ƙofar fita ta ɗan buɗe. Duk da haka tsarin labarin bai sauya sosai ba, domin har yanzu in ana son nuna ɓarnar gidan aure, mace ake ba wa tsintsiyar sharri ta riƙe, maigidan da ya haddasa rikicin kuma ya fito a wanda aka yaudara.

Kammalawa

Wannan magana ta shafi malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu kai tsaye, domin su ne suke raba matsayi in za a yi wasan ƙarshen shekara ko na faɗakarwa. Nijar tana da gadon wasan dandali mai ƙarfi, daga ƙungiyoyin samariya zuwa su Yazi Dogo na Damagaram, kuma kusan kowane wasa yana buƙatar azzalumi. Yarinyar da ta yarda ta fito a muguwar kishiya tana ɗaukar kasadar da jarumar wasan ba ta ɗauka, domin laƙabin yana iya bin ta har gida.

Abin da tarihin Zalika yake nema daga mai shirya wasa kaɗan ne, kuma yana hannunsa. Ya ba da matsayin mugu ga wanda ya fi gwaninta, ya kuma faɗa a fili cewa dalilin ke nan. Ya guji ba mutum ɗaya wannan matsayi kullum. Ya zauna da ɗan wasa su nemo dalilin mugun tare, ya saurari abin da zai ƙara. Ya duba labarinsa ya ga ko laifin da yake son tonawa ya faɗa a kan mai shi, ko kuwa an sauke shi a kan mace don sauƙi. In an gama, ya fito da ƴan wasa gaban jama'a ba tare da kayan wasa ba, ya kira kowa da sunan da iyayensa suka raɗa masa, ya fara da wanda aka fi jin haushi. Ƙungiyar da ta sami damar nuna Le Wazzou polygame kuwa, ya dace ta haɗa shi da Al'lèèssi a zama ɗaya, domin ɗalibai su ga Gaika, sannan su ga matar da ta gina ta.